Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Wa Ke Horar Da 'Yan Gasar Ilimi A Tambuwal Da Kebbe?

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a sakandaren gwamnati ta karkara ya san wannan takarda. Takan iso ofishin shugaban makaranta ana saura kwana huɗu ko biyar, wani lokacin ma hotonta ne ke riga ta isowa ta WhatsApp, tana cewa a turo ɗalibai biyu ko uku da malami ɗaya domin gasar kacici-kacici ko ta muhawara a Sakkwato. Nan take shugaba zai aika a kira malamin Turanci ko na lissafi, ya ce, "Malam, ga wannan. Ka zaɓo mana yara masu ƙoƙari." Maganar kuɗin mota sai daga baya. Malam zai shiga aji shida ya ware wanda ya zo na ɗaya da na biyu a jarrabawar zangon da ya wuce, ya zauna da su yamma biyu ko uku, ranar gasa su kama hanya da asuba. Kafin la'asar an gama da su. Idan aka tambayi yadda ta kaya, amsar ɗaya ce kullum: "Yaranmu sun yi ƙoƙari, sai dai 'yan birni sun fi mu kayan aiki."

Akwai gaskiya a cikin wannan amsa, amma ba ta kai rabi ba. Kacici-kacici ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje, muhawara ba ta bukatar wutar lantarki. Abin da makarantun da ke cin kofi suka fi mu da shi, mutum ne guda: malamin da aka ɗora wa horar da 'yan gasa tun farkon shekara, aka ware masa lokaci, aka san shi da aikin. A yawancin makarantunmu na kudancin Jihar Sakkwato wannan kujera babu kowa a kanta, sai ranar da takarda ta zo ake neman wanda zai ɗana.

Bai kamata ƙasar Tambuwal da Kebbe ta yarda a yi mata kallon wurin da ƙwaƙwalwa ta yi ƙaranci ba. Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, wanda ya riƙe ribaɗin Tambuwal, malami ne kuma mawaƙi. Makarantar elementare ta Dogon Daji ita ta yaye Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, da Alhaji Ibrahim Dasuki, wanda ya zama Sarkin Musulmi na 18. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ce ta ba Nijeriya Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, Aminu Waziri Tambuwal, wanda bayan ya zama gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2015. Ga kuma Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya a cikin garin Tambuwal. Iri yana nan, gonar ce ke neman mai noma.

Abin mamaki shi ne, hanyar horar da ɗan gasa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shirya Musabaƙar Alƙur'ani ta Ƙasa, kuma tsarinta ya zauna daram: a fara daga ƙaramar hukuma, a hau jiha, a je ƙasa, zakaru su wuce ta duniya. Akwai rukunin izu 60, da 40, da 20, da na ƙasa da haka, maza daban mata daban. Mai karatu ya tsaya ya dubi yadda alaramma ke shirya ɗalibinsa. Ba ya jiran takardar gayyata. Yaro yana tilawa kullum, da asuba da dare. Malam ba ya barinsa ya yi ta bin mushafi da ido. Rufe shi yake yi, ya jawo masa aya daga tsakiyar sura ya ce ci gaba. Ya san wuraren da ayoyi ke kama da juna, inda mai hadda kan zame daga wannan sura ya faɗa waccan, kuma nan yake matsa wa yaro lamba. Yakan zaunar da shi gaban jama'a domin ya saba da idon mutane. Yakan haɗa shi da tsararsa su yi ta kama wa juna kuskure. Kafin ranar musabaƙa yaron ya riga ya sha tambaya sau dubbai, ya faɗi ya tashi a gida, inda faɗuwa ba ta da tsada.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano abin da tsangaya ta riga su aikatawa. A 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaici a rarrabe ya fi wanda aka yi zama ɗaya. A 2006 wasu masana biyu na Amurka, Roediger da Karpicke, suka raba ɗalibai: wasu su sake karanta rubutu, wasu a rufe rubutun su tuno abin da ke ciki. Bayan minti biyar masu sake karantawa ne a gaba, amma bayan mako ɗaya waɗanda aka sa su tuno sun yi musu fintinkau. Wato malamin da ya tara yara yamma uku yana cusa musu littafin shekara guda ya zaɓi hanyar da ta fi saurin zubewa. Mu da muke da alarammomi a kowace unguwa, daga Sanyinna zuwa Kuchi, abin kunya ne a ce mun bar wannan hikima a bakin ƙofar makarantar boko.

Gasannin kuwa suna nan, kuma ba kaɗan ba. Akwai gasar lissafi ta Cowbell, wadda aka fara a 1998, ta koma shirin talabijin mai suna Cowbellpedia a 2015. Akwai InterswitchSPAK ta kimiyya domin 'yan aji biyar. Akwai kacici-kacicin kimiyya na kamfanin mai na ƙasa, da gasannin kulob ɗin JETS na matasan injiniyoyi da masana kimiyya, da waɗanda ƙungiyoyin malaman kimiyya da na lissafi ke shiryawa. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda, kusa da Kwali a yankin Abuja, ita ke tace waɗanda za su wakilci Nijeriya a gasar lissafi ta duniya, wadda aka fara a Romaniya a 1959, inda kowace ƙasa ke kawo ɗalibai shida su fuskanci tambayoyi shida cikin kwana biyu. Da yawa daga cikin gasannin nan suna ba da tallafin karatu har jami'a, abin da ga ɗan manomi a Margai ko Fakku ka iya zama bambanci tsakanin ci gaba da karatu da ajiye shi. Wasu har malamin da ya horar da zakara suna ba shi kyauta. Sai dai zagayen farko na da yawansu yanzu a kan kwamfuta ake yi, kuma rajista ta intanet ce. Makarantar da ba ta da mai bibiyar ranakun rajista ta faɗi tun ba a fara ba.

To, mene ne ainihin aikin malamin gasa?

Farkonsa zaɓe, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Wanda ya zo na ɗaya a jarrabawar rubutu ba lallai ne ya iya amsa tambaya cikin daƙiƙa talatin gaban ɗaruruwan mutane ba. Akwai yaro mai zurfi amma mai nawa, akwai mai sauri amma mai garaje, akwai kuma wanda ke zaune a bayan aji ba ya ɗaga hannu saboda Turancinsa bai nuna ba, alhali lissafi a kansa yake yi kafin na gaba ya ɗauki biro. Irin wannan na ƙarshe shi ne dukiyar da muka fi asara. Ba a gano shi sai da gasar cikin gida: aji da aji, gida da gida, a filin taron makaranta, duk mako. Kuma ba daga aji shida ake farawa ba. Ɗan aji shida hankalinsa na kan WAEC da NECO da JAMB, kuma da ya fita ya tafi da duk abin da ya koya. A tara yara goma sha biyu ko sha biyar daga aji huɗu da biyar, a bar na gaba su riƙa jan na baya, yadda gardi ke biya wa ƙolo allo.

Sai horo kansa. Gasa tana da dokoki, kuma dokokin darasi ne mai zaman kansa. Yaro ya san tsawon lokacin da ake ba shi, ya san ko ana yanke maki idan aka amsa ba daidai ba, ya san cewa tambayar abokin hamayya tasa ce ma, domin idan wancan ya kasa za ta zo masa a matsayin garaɓasa, kuma sau da yawa garaɓasa ce ke raba gardama. Ƙungiyar da ba a horar ba takan saki jiki idan ba layinta ba ne. Haka nan dole a raba fannoni: wannan ya riƙe lissafi da fiziks, wancan kemistiri da bayoloji, kuma su san wa ke yanke hukunci idan ra'ayinsu ya saɓa. Malam ya riƙa yin atisaye da agogo a hannu, ya kawo wani malami da yaran ba su saba da muryarsa ba ya karanta tambayoyi. Wannan na ƙarshe ƙaramin abu ne a ido, amma ya kayar da yara da yawa: sun san amsa, lafazin mai tambaya ne ya ɓatar da su.

Maganar harshe ta cancanci a tsaya a kanta. Yaron Kebbe da Hausa yake tunani, wani ma da Fulatanci, gasa kuwa da Turanci ake yi. Cikin daƙiƙa talatin sai ya ji tambaya, ya juya ta, ya warware, ya sake juyo amsa. Wasu malamai maganinsu shi ne hana Hausa a wurin horo ɗungurungum. A ganina wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Fahimta da harshen gida take shiga. A bayyana wa yaro dokar Ohm ko rabon ƙwayar halitta da Hausa har ta zauna, sa'an nan a ɗora mata kalmomin Turanci a yi ta maimaitawa har su zama jiki. Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu ke kan wannan hanya tamu ta zuwa Sakkwato, malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban ƙasa, kuma Waƙar Nijeriya da ya tsara labarin ƙasa take koyarwa da Hausa. Bai ɗauki harshen yara a matsayin cikas ba.

Muhawara ta fi kacici-kacici shan wahala a hannunmu. Abin da aka saba shi ne malam ya rubuta jawabi mai cike da manyan kalmomi, yaro ya haddace, ya zo ya zazzage shi bayan doguwar gaisuwa ga shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci. Abokin hamayya ma haka. Kowa ya yi nasa karatun, ba wanda ya amsa wa wani. Wannan ba muhawara ba ce, hadda ce aka yi wa ado. A gasar muhawarar makarantu ta duniya, wadda aka fara a Ostireliya a 1988, kowane ɓangare na da masu magana uku, kowa minti takwas, abokin hamayya na da damar miƙewa ya jefo tambaya a tsakiyar jawabi, kuma wasu maudu'an sa'a ɗaya kacal kafin a fara ake bayar da su, babu malami a ɗakin shiri. Yaron da aka saba rubuta wa jawabi ba zai kai minti biyu a irin wannan fage ba. Horon gaskiya shi ne a ba yara maudu'in da ya shafe su, kamar ko ya dace a hana ɗalibai riƙe waya, ko wa ya kamata ya fara amfana da fadama tsakanin manomi da makiyayi, su fara gwabzawa da Hausa har su iya gina hujja da rusa ta, sa'an nan a sauya ɓangare: mai goyon baya ya koma mai suka. Yaron da ya taɓa kare ra'ayin da ba nasa ba ya koyi abin da manya da yawa a ƙasar nan ba su koya ba.

Duk wannan a cikin makaranta ne. Sauran aikin, wanda ya fi cin rai, a waje yake. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, na Kebbe kuwa sai ya ƙara tafiya kafin ya hau babban titi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake zama a yi shawara a kansa, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa sau da yawa aljihun malam ne ke cike giɓi. Ga kalandar gona: zangon farko ya faɗo daidai lokacin kaka, yaro na tashi daga makaranta gona ke jiransa, ranar kasuwa kuma ba a maganar zama bayan an tashi. Ga zafin Maris da Afrilu, lokacin da aji mai rufin kwano ke zama tanda da azahar. Mai hikima yakan mayar da horo safiyar Asabar, ko rabin sa'a kafin taron safe.

Ga kuma tsaro, wanda ba a iya kewaye shi. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, da na Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, uban da ya ce ɗansa ba zai hau hanya da sunan makaranta ba, ba a ce masa ya yi gardama. A ƙauyukan Kebbe da ke iyaka da Zamfara da Jihar Kebbi wannan tsoro ba labarin rediyo ba ne. Ya fi tsanani a kan 'ya'ya mata. Malamin gasa na ƙwarai ba ya aika takarda gida ya zauna. Takawa yake yi ya gaida mahaifi, ya faɗa masa motar da za a shiga, da malamar da za ta raka, da lokacin dawowa, kuma ya cika alkawari ya dawo da rana tsaka. Idan babu malama mai rakiya, yarinya ba za ta je ba, komai ƙoƙarinta. Nana Asma'u 'yar Shehu ta gane wannan tun ƙarni na 19, shi ya sa ta naɗa jajoji, dattawan mata amintattu, su riƙa jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka zuwa wurin karatu. Tsarin bai tsufa ba.

Akwai wani ciwo da ba a son ambato: sojan gona. A ɗauko wanda ya gama makaranta bara a sa masa yunifom, ko a aro ɗalibi daga wata makaranta, ko a rage wa yaro aji domin ya shiga rukunin ƙanana. Mai yin haka yana ganin ya taimaki makaranta. Amma yaran da aka ajiye a gida sun gani, kuma darasin da suka ɗauka ya fi duk abin da aka koya musu a ajin tarbiyya ƙarfi. Maganinsa mai sauƙi ne, a riƙa haɗa sunayen 'yan gasa da hotunansu da rajistar makaranta tun farkon shekara, kuma alƙalai su fito daga makarantun da ba sa cikin karawar.

Wani zai ce, kuma ƙorafinsa na da nauyi: a makarantar da aji ɗaya ke da yara fiye da yadda malami zai iya duba littattafansu, wadda wataƙila malamin fiziks ɗaya gare ta ko babu, ina hujjar kashe lokaci a kan yara uku? Idan horon gasa na nufin malam ya bar aji ya shige ofis da zaɓaɓɓu, to, mai wannan ƙorafi ya yi gaskiya, kuma gara a bar kofin. Amma gasar da aka gina daga cikin gida tana jan makaranta duka. A dubi Ghana. Gasar kimiyya da lissafi ta ƙasar, wadda aka kafa a 1993, ta zama abin da jama'a ke bi kamar ƙwallon ƙafa. Makarantu irin su PRESEC ta Legon da Kwalejin Prempeh ta Kumasi suna shirya yaransu shekara da shekaru, tsofaffin ɗalibai na zuba kuɗi, kuma ƙaramin yaro na shiga makaranta da burin wata rana ya zauna a kan wannan kujera. Mutum biyu ke zama a teburin gasa, amma ɗaruruwa ne suka yi karatu domin neman wurin.

Abin da ya fi dacewa da mu, a ganina, shi ne mu daina jiran Sakkwato. Tambuwal da Kebbe mazaɓa ɗaya ce, kuma makarantunsu sun isa su yi gasar kansu ta zagaye: Dogon Daji ta je Jabo, Sanyinna ta karɓi Tambuwal, Kebbe ta kara da Kuchi, sau ɗaya a wata, da safe, a dawo kafin azahar. Tafiyar gajera ce, kuɗinta kaɗan, iyaye kuma na iya zuwa su gani da idonsu. Kwalejin 'yan mata ta tarayya, da ke da malamai da kayan aiki fiye da maƙwabtanta, za ta iya karɓar zagayen ƙarshe. Kuɗin da ake kashewa a kofin ƙwallo guda na ɗan siyasa zai ɗauki nauyin wannan har shekara, kuma ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari, waɗanda 'ya'yansu ke aiki a Sakkwato da Kaduna da Abuja, ba za su kasa sayen mai da littattafan tsofaffin tambayoyi ba. A sa rukunin Hausa da na Larabci kusa da na Turanci, domin yaron da bakinsa bai faɗa da Turanci ba tukuna ya sami ƙofar shiga.

Sai dai duk wannan zai tsaya ne a kan malamin. A rage masa darussa biyu ko uku a mako, a rubuta aikin cikin takardar aikinsa yadda za a gan shi ranar ƙarin girma, a biya masa kuɗin hanya kafin tafiya ba bayan wata uku ba. Kuma kada a jingina aikin ga ɗan hidimar ƙasa shi kaɗai, kamar yadda aka saba. Masu hidimar ƙasa sukan zo da zafi da sabon ilimi, suna da amfani ƙwarai, amma shekara ɗaya suke yi su tafi, ƙungiya ta watse a bayansu. A haɗa kowannensu da malami ɗan gari. A kuma buɗe babban littafi guda a ofishin shugaba, inda bayan kowace gasa za a rubuta tambayoyin da aka yi, da waɗanda yara suka kasa, da dokokin da aka bi, da watan da aka buɗe rajista, da abin da mota ta ci. Idan aka yi wa malam canjin wurin aiki, littafin ya zauna, wanda ya gaje shi ya buɗe daga shafin da aka tsaya.